Tiyatar ɗaga nono: yanka a tsaye ko mai ƙari a kwance?

Mata a nan Sakkwato suna yawan tambayata, musamman bayan yaye, wacce ta fi.

A ta farko, likita na zagaye baƙin da ke kan nono da yanka, ya sauko a tsaye. Tabonta kaɗan ne, amma ba ta iya wa nonon da ya zube sosai. Ta biyu tana ƙara yanka a kwance ƙarƙashin nono, a cire fata mai yawa. Ta fi ɗagawa, sai dai tabon ya fi tsawo, kuma a matattarar zufa yake; da zafin garin nan, jinyarsa sai da kula. Wadda tabo ke kumbura mata, don Allah ta faɗa wa likita tun farko. Kowacce aka yi, sabon ciki na iya sake zubar da nonon.

Mai matsakaicin zubewa, ta farko ta ishe ta. Wadda nata ya sauka ƙwarai, ta biyu ce tata.