Na kai kwamfutata Computer Village saboda bidiyo mai in'ina

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce, a Legas, yawanci Agege da Idi-Araba, wani lokaci har Mile 12. Kunyar da na sha a gaban wata Hajiya, uwar amarya, ita ta kai ni Computer Village, kasuwar kwamfuta da ke Ikeja. Ta zo ganin bidiyon kamu kafin in kammala, ina dannawa hoto ya kama in'ina. Kiɗa na tafiya, amarya ta ƙame da hannu a sama, can sai ga ta ta ɓullo a wani gefen zauren. Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Ɗan nan, haka za ka ba mu shi?" Na yi ta rantsuwa cewa kallon gwaji ne kawai, in an fitar da shi lafiya lau zai tafi. Ba ta yarda ba, ni kaina gumi nake yi.

Washegari sai shagon wani ɗan'uwanmu Bakano da abokai ke ta yabo. Ko kunna bidiyon bai yi ba ya ce RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfutar, ce ta yi kaɗan, 8GB ba ta ɗaukar wannan aiki, faifan ajiyar kuma tsohon yayi ne mai juyawa. Ya sa mini 16GB da SSD, faifan zamani mara juyawa. Kun dai san kuɗinsu yanzu, ba na ma son tunawa. Tsakani da Allah kwamfutar ta farka. Manhajar gyaran bidiyo ta Premiere Pro da nake kunnawa in je alwala in dawo bai gama buɗewa ba, yanzu kafin in gyara zama ya buɗe. Bidiyon kyamarata na 1080 kuwa sumul. Don murna har mutum biyu na tura masa.

Sai na ɗora abin da ƙannen amarya suka ɗauka da wayoyinsu a 4K, in'ina ta dawo sabuwa fil. Na koma, ya ce sai dai in sayi wata kwamfutar mai katin hoto na musamman, ga ta nan ma a shagonsa. Yana fita sallar azahar yaron shagon ya matso ya ce, "Yaya, ka yi furoksi kuwa?" Ban taɓa yi ba. Ya zauna ya yi mini bayani: ɗigon hoton 4K ninki huɗu ne na 1080, waya kuma tana matse shi da H.265, wanda ba ya ajiye kowane hoto cikakke, galibi bambancin da ke tsakaninsu yake riƙewa, shi ya sa kwamfuta sai ta yi lissafi kafin ta nuna kowane motsi. Furoksi ƙaramin kwafi ne mara nauyi, da shi kake yanka kana jerawa, in an zo fitarwa manhajar ta koma kan na asali. Ya kuma sauke ingancin kallon gwaji zuwa 1/4. Amarya ta taka rawarta ba gargada. Ko sisi yaron bai nema ba, da ƙyar ya karɓi kuɗin abinci.

A motar komawa gida haushi ya taso mini. Ashe maigidan ya san wannan, ya yi shiru don in sayi wata kwamfutar. Sai na tuna kwana uku ya riƙe tawa bayan ya ce gobe, noti ɗaya na ƙasa ya ɓata, tsohon faifaina mai bikin mutane uku a ciki kuma sai da na yi magana sau biyu ya miƙo shi. Ban ce kayansa jabu ba ne, suna aiki har yau. Furoksin ma yana cin lokaci, da daddare nake barinsa yana yi, in NEPA ta ɗauke wuta kwamfutar ta koma kan batir tana jan ƙafa har asuba.

Mutum biyun nan da na tura, na kira su na ce in sun je su jira lokacin salla su nemi yaron.