Wasiƙa ga Kawu daga Lesta: masu tsintar tsingaro a gona

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ina gaida Inna da duk mutanen gida. Ka sha cewa in ba ka labarin abin da na gani a Ingila wanda ya shafi fanninka, tunda rayuwarka ta ƙare a koyar da yara tarihi, ni kuwa kullum muka yi waya sai zancen sanyi da aiki ya cinye lokacin. Yau na zauna in biya wannan bashi.

Manyan gidajen tarihi na Landan abin gani ne, kuma tun Disambar 2001 aka daina karɓar kuɗin shiga a waɗanda ke hannun gwamnatin ƙasa. Amma ba su ne suka tsaya mini a rai ba. Abin da ya ɗauki hankalina ƙungiyoyi ne na mutanen gari, waɗanda ba gwamnati ta kafa su ba, ba kuma malaman jami'a ba ne, aikinsu bin diddigin tarihin yankinsu ta hanyar abin da ƙasa ta binne. Kusan kowace gunduma tana da babbar ƙungiya irin wannan, sannan akwai ƙanana a ƙauyuka. Ta Newcastle an kafa ta a 1813, ta Sussex a 1846, ta nan gundumarmu ta Lesta a 1855, ta Kent a 1857. Duba shekarun nan da kyau, Kawu. Lokacin da aka kafa ta Newcastle, Shehu Usmanu yana da rai. Har yau suna nan suna taro, suna buga mujalla duk shekara, suna da ɗakunan karatu, kuma yawancin masu riƙe da muƙamansu ba a biyan su ko kwabo. Ta Sussex ma har wuraren tarihi take kula da su, ciki har da fadar Rumawa ta Fishbourne, wadda aka ci karo da ita a 1960 ana haƙar ramin shimfiɗa bututun ruwa.

Ni wata ƙaramar ƙungiya na shiga, bayan na ga sanarwarsu a manne a ɗakin karatu na unguwarmu. Kuɗin zama ɗan ƙungiya na shekara kaɗan ne, ba ya hana talaka shiga. Da hunturu, lokacin da dare ke yi da wuri, ana haɗuwa sau ɗaya a wata a zauren taro na ƙauye, a gayyato wani masani ya yi bayani da hotuna, a yi masa tambayoyi. Ranar da na fara zuwa, awa ɗaya cur aka yi ana magana a kan bakin tukunya kawai: yadda lanƙwasar baki ke nuna ƙarnin da aka gina ta. Masu sauraro kuwa tsofaffin malaman makaranta ne, da manoma, da wani direban bas da ya yi ritaya, kowa da littafinsa yana rubutu.

Bari in ba ka labarin ranar da muka fita gona, domin nan na fahimci abin da suke yi. Bayan an yi girbi an yi huɗa, sai a nemi izinin mai gona. Ba a haƙa komai. Ana kafa sanduna a raba gonar layi-layi, kowane yanki da lambarsa, kowa ya kama layinsa yana tafiya a hankali, kai a sunkuye. Duk abin da garma ta tono wanda ba dutsen banza ba, sai ka jefa shi a ledar da ke ɗauke da lambar yankin. Ranar an yi ruwa da dare, laka ta kama takalmina har ina ɗaga ƙafa da ƙyar, yatsuna sun ƙage don sanyi. Can na tsinci wani tsingaro mai ruwan toka, bai fi faɗin akwatin ashana ba. Na kai wa wata dattijuwa da ke jagorantar mu, ta goge shi da babban yatsa, ta duba karyayyen gefen, ta ce na zamanin Rumawa ne, ya doshi shekara 1,800. Murna ta kama ni, na sa shi a aljihu don in nuna wa yara a gida. Sai ta riƙe hannuna, ta tambaye ni a wane yanki na ɗauko shi. Na ɗan yi jim kafin in tuna. Ta ce in mayar da shi ledar wannan yankin, domin tsingaro ɗaya a aljihu ba ya gaya wa kowa komai, amma idan aka ga guda hamsin sun taru a kusurwa ɗaya ta gona, an san gida ya taɓa tsayawa a wurin.

Sati biyu bayan haka muka zauna da robobin ruwa da tsofaffin burushin haƙori muna wanke abin da aka tsinta, a shanya a kan jarida, a ware, a ƙirga, a zana taswira. Rahoton kuma ba a aljihun tebur yake ƙarewa ba. Ana miƙa shi ga ofishin gunduma mai riƙe da rajistar wuraren tarihi, kuma rajistar nan ake dubawa idan wani ya nemi izinin gina gidaje ko hanya. Tun 1990 ƙa'idar ita ce mai gini shi ke biyan kuɗin binciken ƙasa kafin ya zuba harsashi, idan ana zaton akwai abin tarihi a wurin. Wato tafiyar da muka yi cikin laka tana iya sa a dakatar da katafila wata rana.

Kada ka ɗauka wasan tsofaffi ne kawai. A nan gundumar, a ƙauyen Hallaton, irin wannan ƙungiya ce a shekarar 2000 ta gano wurin da daga baya aka tono tsabar kuɗi fiye da 5,000 na azurfa da zinariya, da kwalkwalin sojan doki na Rumawa, kayan da suka kusa shekara 2,000. Ba su kwashe a ɓoye ba. Sun sanar, masana daga Jami'ar Lesta suka zo aka yi tonon tare da su. Na je gidan tarihi na Market Harborough na gan su da idona, 'yan mil kaɗan daga gonar da suka fito. Haka ma ƙasusuwan Sarki Richard na Uku, wanda aka kashe a yaƙi a 1485: ƙungiyar masu sha'awar tarihinsa ce ta yi ta matsawa, ta kuma tara wani kaso na kuɗin, har aka haƙa wurin ajiye motoci a tsakiyar birnin nan a 2012 aka same shi. An sake binne shi a babbar majami'ar garin a Maris 2015.

Yanzu ga inda nake so ka sa lura, domin nan ne muka bambanta da su. Idan mutum ya tsinci abu a ƙasar nan, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Dokar 1996 ta ce abin da ya haura shekara 300 kuma yake da aƙalla kashi 10 cikin ɗari na zinariya ko azurfa, dole a kai rahotonsa cikin kwana 14. Idan gidan tarihi yana so, kwamiti zai yi masa kuɗi, a biya, yawanci a raba tsakanin wanda ya tsinta da mai gona. Taskar zinariyar da aka samu a Staffordshire a 2009, fam miliyan 3.285 aka yi mata, mutum biyu suka raba, kayan kuma suka zauna a gidajen tarihi na yankin. Sauran abubuwan da ba su kai wannan matsayi ba, tun 1997 akwai jami'ai a yankuna waɗanda aikinsu ke nan: ka kai musu, su auna, su ɗauki hoto, su rubuta inda aka samu, su mayar maka da kayanka. Abin da aka rubuta ta wannan hanya ya haura miliyan ɗaya da rabi, kuma kowa na iya dubawa a intanet kyauta. Mai gaskiya ba ya asara, shi ya sa gaskiyar ta yi sauƙi.

Mu kuwa, Kawu, kaya ba su ne matsalarmu ba. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a Yobe ya kai shekara 8,000, yana cikin mafiya tsufa a duniya. Mutum-mutumin Nok, masu haƙar kuza ne suka fara fito da shi a 1928, kuma kan yumɓun da ya ja hankalin Bernard Fagg, Bature masanin kayan tarihi, a 1943 an ce a gona aka kafa shi don korar tsuntsaye. Ga zanen duwatsun Birnin Kudu, ga kaburburan Durɓi ta Kusheyi, ga Surame, ga Kufena da Turunku, ga ganuwar Kano. Kwalekwalen da mutum-mutumin nan da aka tsinta, talaka ne ya fara taɓa su. Doka ma muna da ita, da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tun 1979, da gidan tarihi na Jos tun 1952, da sashen ilimin kufai a jami'ar Zariya da ta Ibadan. Abin da babu shi ne tsani tsakanin manomi da waɗannan wurare. Ƙungiyoyin da muke da su na masana ne, taronsu a jami'a, takardunsu da Turanci. Manomin da garmarsa ta tono kan yumɓu, wa zai gaya wa? Ko ya ji tsoron a ce ya taɓa kayan gwamnati, ko ya fasa shi da sunan gunki, ko kuma dillali ya riga kowa isa wurinsa da kuɗi a hannu. Haka aka yi ta wawashe ƙasar Nok a shekarun 1990, aka bar ramuka, kayan suka ƙetare teku ba tare da an san daga wane rami kowanne ya fito ba. Wannan asarar ba ta gyaruwa, ko da an dawo da kayan.

Ba na so in zuga maka su fiye da kima. A taronmu furfura ta fi yawa, kuma kullum kukansu matasa ba sa zuwa, duk da akwai ƙungiyar yara 'yan shekara 8 zuwa 16 da bikin tonon tarihi na ƙasa da ake yi duk watan Yuli. Birnin nan cike yake da 'yan asalin Indiya da Somaliya da sauran ƙasashenmu, amma sau da yawa ni kaɗai ne baƙar fata a zauren. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, sai dai ba su san yadda za su jawo irinmu ba. Wasu wuraren tono masu suna sai ka biya kafin a ba ka cokalin haƙa, ga kuɗin masauki, don haka mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya ba. Suna da ɓarayinsu su ma, masu shiga gonaki da dare da na'urar gano ƙarfe. Kuma ba na mantawa cewa ƙasar da ke lallaɓa tsingaronta haka, har yau tana riƙe da kayan Benin masu yawa da sojojinta suka kwasa a 1897. Na faɗi haka a wani taro, wasu suka yi shiru, wasu suka ce ina da gaskiya.

Akwai kuma abin da muka fi su, wanda sai da na zo nan na san darajarsa. Su sai sun haƙa ƙasa kafin su san sunan wanda ya zauna a wuri, sau da yawa ma ba sa samu. Mu har yanzu akwai dattijon da zai tsaya a kan kufai ya ce maka nan ce unguwar maƙera, can ne marina, ga dalilin da ya sa aka tashi, ga inda jikokinsu suke yau. Da na faɗa wa dattijuwar nan haka, ajiye burushinta ta yi ta dube ni, ta ce to me muke jira.

Shi ya sa nake roƙonka wani abu. Tsofaffin ɗalibanka suna jin maganarka, kuma da yawansu yanzu malamai ne. Ka tara ko mutum goma. Kada a haƙa komai, haƙa sai da izinin hukuma da masani a tsaye, kuma abin da aka tono ba ya mayuwa. Tafiya kawai za a yi a kufan nan na bayan gari bayan an kawar da amfanin gona, da izinin masu gonakin da na mai gari. Inda aka ga tsingaro ya yi yawa, ko kashin maƙera, ko tsohuwar rijiya, ko ragowar ganuwa, a ɗauki hoto da waya, a rubuta lambobin wurin da wayar ke nunawa, a bar abin inda yake. A zauna da dattawa a naɗi muryarsu, a rubuta da Hausa. Idan littafi ya cika, kwafi ɗaya ya zauna a makaranta, ɗaya a kai jami'a.

Na kwafi takardar da muke cikewa a gona, ina kan mayar da ita Hausa, zan turo maka ta waya kafin ƙarshen wata. Akwai kalmomi biyu-uku na sassan tukunya da suka gagare ni, ina so ka tambayar mini masu ginin tukwane yadda suke kiran su. Idan Allah ya kawo ni hutun ƙarshen shekara, zan zo da ledoji da ma'auni, mu fita tare.

Ka gaida Inna, ka ce mata saƙonta ya iso.

Ɗanka.