Kyankyasai a mota: abin da za ka saya da abin da za ka bari a kanti

Da dare na gane motata ta samu 'yan haya. Na ɗauko surukina daga tasha, na kunna fitilar ciki ina neman canji, sai ga kyankyasai sun kai biyar suna tsere a gefen giyar mota. Baba bai ce uffan ba, ƙafafunsa kawai ya ɗage. Daga ranar na shiga sayen magani, kuma sai da na yi asarar kuɗi sau uku kafin na dace.

Ka fara sanin da wa kake faɗa. Babban kyankyason nan ja na masai ba kasafai yake zama a mota ba, baƙo ne mai wucewa. Mai tarewa shi ne ƙaramin nan ruwan ƙasa mai layi biyu baƙaƙe a bayan kai, wanda ake kira kyankyason Jamus. Macensa tana yawo da jakar ƙwai a gindinta, ƙwai 30 zuwa 40, har kusan wata guda, sai dab da ƙyanƙyashewa take ajiye ta. A kwali yake shigowa: kwalin taliya daga kasuwa, kiret ɗin ƙwai, jakar makarantar yara. Ɓurɓushin biskit da gyaɗa da maiƙon tsire da ke ƙarƙashin kujera kuwa sun ishe shi ci har ya ga jikoki. Saboda haka duk maganin da bai kai ga na cikin dashbod da waɗanda ke cikin ƙwai ba, wasa ne.

Maganin feshi na gwangwani shi kowa ke fara ɗauka. Yana kashe wanda ya taɓa, shi ke nan. Sauran sukan ji wari su ƙara nutsawa cikin ƙofofi da bututun esi, bayan mako biyu ƙwai su fashe a koma gidan jiya. Kuma gwangwanin iskar gas mai kama wuta ce a cikinsa, kada ka kuskura ka bar shi a mota cikin ranar Afrilu. Allin kyankyaso da kafur ba sai na ɓata maka lokaci ba: ina za ka ja layin alli a kan kafet? Tarkon gam yana da amfani ɗaya, ya nuna maka inda suka fi yawa.

Fiya-fiya ce ta koya mini hankali. Wani mai wankin mota ya ce in bar masa aikin, ya yayyafa ta a kafet da kujeru, muka rufe gilashi kwana guda. Kyankyasai sun mutu, ba ƙarya. Amma soso ya sha, duk ranar da mota ta yi zafi warin sai ya taso, kaina ya riƙa sarawa, ƙaramar 'yata ta yi ta tari a hanyar makaranta. Sinadarin da aka fi haɗa ta da shi, dichlorvos, shi ne na cikin Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna a 2019. Maganin gona ne, ba na ɗakin da bai kai tabarma biyu ba, wanda kake shaƙar iskarsa da iyalinka. Tun daga nan ma'aunina na farko ya zama wari: in abu yana da wari, ba ya shiga motata. Kuma bayan wata guda na sake ganin ƙananan kyankyasai, 'ya'yan waɗanda aka kashe.

Akwai masu ba da shawarar ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake da masara, wadda wasu ke kira bom. Kada ka saurare su. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum, ta sha hallaka iyalai a cikin ɗaki, sannan tana cin jan ƙarfe, wato wayoyin motarka da kwamfutarta.

Abin da ya raba ni da su shi ne maganin ci mai kama da man goge baki, wanda ke zuwa a cikin sirinji. Wannan ba korarsu yake yi ba, gayyatarsu yake. An cuɗa abincin da suke so da guba mai jinkirin aiki, kyankyaso ya ci ya koma maɓoyarsa, can ya mutu bayan kwana ɗaya zuwa uku. Ƙanana suna cin kashin manya, manya suna cin gawar 'yan'uwansu, sai gubar ta bi su har inda hannunka ba zai taɓa kaiwa ba. Sunan sinadarin za ka duba, ba hoton kwali ba: fipronil, indoxacarb ko imidacloprid. Cikin sunayen da ake sayar da shi da su, Advion na indoxacarb ne, sirinjinsa giram 30, Goliath na fipronil ne, Maxforce kuma yana da iri-iri. Sirinji ɗaya ya ishi mota har ka rage na kicin.

Yadda ake sa shi ne rabin aikin. A fitar da komai, a ɗaga tabarmin ƙafa, a zuƙe datti da inji har cikin layin kujeru da ramin safaya, don kada su samu wani abincin. Sai ɗigo-ɗigo kamar ƙwayar dawa, goma sha biyar zuwa ashirin: ƙarƙashin kujeru, bayan akwatin dashbod, aljihun ƙofa, lungunan but. Ni a kan 'yan guntayen kwali nake ɗigawa in tura inda yaro ba zai kai hannu ba. Zafi yana busar da shi, don haka da yamma ake sawa, a ajiye motar a inuwa. Kada ka yi feshi a kansa, warin zai hana su ci. Bayan mako uku ka sake, saboda waɗanda suka fito daga ƙwai. Aibinsa biyu ne: tsada, da cewa mai gaggawa zai ɗauka ba ya aiki. Garin nan na 'yar leda da ake sayarwa a bakin titi danginsa ne kuma yana da araha, sai dai a mota watsewa yake, esi ya busa maka shi.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Sirinjin farko da na saya jabu ne. Kwalin ya yi kyau, mai shagon har da rantsuwa, kuɗin kuma rabin na wani kanti, ni kuwa na ce na yi wayo. Mako biyu ina ciyar da kyankyasai, har ƙiba suka yi. Araha ba ta ado, in ji masu magana. Ka duba lambar NAFDAC, ka duba ranar da aka yi shi da ranar lalacewa, su kasance bugun inji, ba wata takarda aka liƙa a kai ba. Lambar da ke jikin kwali ta yi daidai da ta jikin sirinji. Rubutun da ke gogewa da yatsa, ko kuskuren harafi a sunan sinadari, ajiye musu kayansu. In bakin sirinjin a buɗe yake, ko maganin ya tsinke ya yi ruwa, ko ya daskare, ko dai tsoho ne ko an ɗura wani abu. Ka guji wanda aka shanya a rana kan tebur ko a baro, ko na gaske ne zafi ya gama da shi. Masu talla a Facebook da WhatsApp da ke cewa cikin awa ɗaya za ka share gawa, ƙarya suke, ko kuma fiya-fiya suka dama da gari. Haka masu zuwa da famfon feshi a baya su ce za su yi wa mota feshin ƙwararru: ka ce su nuna maka kwalbar da suka zuba. In an ɓare takardar jikinta, ko aka ce sirrin sana'a ne, karɓi makullinka.

Sirinji na biyu a kantin magungunan noma da dabbobi na saya, na karɓi rasit, na gwada ɗigo ɗaya a bayan firij kafin in kai mota. Da safe babu ɗigon, kwana biyu bayan haka na share guda bakwai.