Na'urar auna suga ta manne: yadda take a Ingila da Amurka

'Yan uwa, kafin ku ce a aiko muku da na'urar nan da ake mannawa a damtse, ga yadda abin yake a nan Ingila da Amurka.

Iri biyu ne suka fi yawa: FreeStyle Libre ta kamfanin Abbott, da Dexcom. Samfurin Libre 2, wanda aka daina sayarwa a Ingila da Amurka a 2025, na'urarsa tana kwana 14 a bayan damtse, kuma sai ta yi awa ɗaya da mannawa kafin ta fara ba da lamba. Dexcom G7 kwana 10 take yi da ƙarin awa 12, amma cikin minti 30 ta fara aiki, tana aika sakamako zuwa waya duk minti biyar. Allurar da ke saka ta ba ta zama a jiki, ɗan siririn zare kawai take bari a ƙarƙashin fata.

A Ingila, tun 2022 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jiyya, ta ce a ba duk mai ciwon suga nau'i na ɗaya, kuma NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, ce ke biya. Mai nau'i na biyu sai ya cika sharuɗɗa, galibi wanda ke allurar insulin fiye da sau ɗaya a rana. A Amurka kuwa inshorarka ce ke yanke hukunci.

Abin da ya fi cutar da masu aike shi ne kowace ƙasa da manhajar wayarta ta karanta na'urar. Libre da aka saya a Amurka ba ta aiki da manhajar Turai, sai kuɗi su tafi a banza. Ma'aunin ma ya bambanta: Ingila mmol/L, Amurka mg/dL. A ninka na Ingila sau 18, misali 3.9 zuwa 10 na Ingila shi ne 70 zuwa 180 na Amurka. Kwalin kuma ba ya son zafi, kada a bar shi a mota ko a rana.

Ba jini take aunawa ba, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin nama ne, don haka tana baya da minti 5 zuwa 15, musamman bayan cin abinci ko motsa jiki. Shi ya sa kibiyar da ke gefen lambar take da muhimmanci: 6 da kibiya ƙasa ba ɗaya ba ne da 6 da ba ya hawa ba ya sauka. Wanda ya kwanta a kanta zai ji ƙararrawa da tsakar dare wai suga ya faɗi, alhali danne wurin ne ya rage gudun jini. Idan lamba ta saɓa da yadda jiki yake ji, a huda yatsa a auna jini. Don Allah kada kowa ya jefar da tsohuwar mitarsa ta auna suga da jinin yatsa.

Magunguna ma suna ruɗa ta. Bitamin C fiye da miligiram 500 a rana yana ɗaga lambar Libre 2. Hydroxyurea, da masu sikila da yawa ke sha, yana sa Dexcom ta nuna sama da gaskiya, kuma wannan haɗari ne ga mai lissafin insulin da ita. A gaya wa likita tun farko.

Gumi da man shafawa ne ke ɓamɓare ta. A wanke wurin da sabulu marar mai, a goge da sifirit, a jira ya bushe sarai, sannan a manna, a ƙara filasta a kai in ana yawan zufa. A riƙa sauya hannu don fata ta huta. In ta fita, ba ta komawa, sai sabuwa.