Reddit: Kasuwa Mai Albarka, Masu Unguwa Babu Albashi

Gyaran waya ne sana'ata, a Farm Centre nan Kano, kuma wata waya da ta ƙi caji ce ta kai ni Reddit. A 2014 ne. Na canza mata bakin caji, na canza batir, na hura wa allonta iska mai zafi har sau biyu, shiru kake ji. Mai ita kuma kullum bayan la'asar yana tsaye a bakin shago ya harɗe hannu. Cikin dare na rubuta matsalar a Google, ya jefa ni cikin wata hira da masu gyara suka yi, inda wani da ban san sunansa ba, ban san ƙasarsa ba, ya sa hoton allon, ya zagaye wani ɗan mitsitsin abu da jan layi, ya ce a auna nan. Da safe na auna, ashe shi ne. Tun ranar ban bar wurin ba, yau fiye da shekara goma, don haka ina ganin na isa in faɗi albarkacin bakina.

Ga wanda bai taɓa shiga ba, Reddit kamar babbar kasuwa ce da kowane layi da hajarsa. Steve Huffman da Alexis Ohanian ne suka kafa shi a Amurka a 2005. Kowane layi, wanda ni nake kira zaure, sunansa yana farawa da r/, akwai na labarai, na ƙwallo, na girki, na gyaran mota, har na masu kiwon kaji. Mutum ya kawo labari ko tambaya, jama'a su danna kibiyar sama ko ta ƙasa, abin da ya samu karɓuwa ya hau, wanda bai samu ba ya nutse. Kyauta ne, ba sai ka sa sunanka na gaskiya ba, kuma kusan komai da Turanci ake yi. Hausa sai ka haƙa kafin ka ci karo da ita.

Wajen neman sani a kan sana'a, ban ga na biyunsa ba. Akwatin bincikensa dai bai da kirki, gara ka rubuta tambayarka a Google ka ƙara kalmar reddit a ƙarshe. In sabis ya yi rauni, tsohon fasalinsa na old.reddit.com ya fi sauƙin buɗewa. Akwai kuma zaurukan da ba na mutanen kirki ba, don haka wanda zai ba yaro waya ya fara shiga saiti ya kulle abin da bai dace ba. Waɗannan duk masu sauƙi ne. Abin da ya fi ɗaukar min hankali shi ne wa yake da ikon goge maganar wani, kuma wa yake tambayarsa dalili.

A gurup ɗinmu na WhatsApp admin muke cewa, mu san shi, mu san gidansu, in ya cire ka ka same shi a masallaci. A Reddit admin ma'aikacin kamfani ne. Masu riƙe da zauruka kuwa, waɗanda suke kira mod, 'yan sa-kai ne. Ni masu unguwa nake ce musu, duk da mai unguwar gaske ya fi su gata, don shi an san fuskarsa kuma akwai dagaci a samansa. Waɗannan ba a zaɓe su ba, ba a biyan su, yawanci ba a san ko su wane ne ba. Wanda ya fara buɗe zaure shi ne babba, shi yake naɗa na ƙasa da shi. Suna iya goge rubutu, su kulle zance, su kore ka na kwanaki ko har abada, in ka dame su da ƙorafi su toshe maka hanyar aiko musu saƙo.

Ga inda gizo yake saƙar. In mai unguwa ya cire sharhinka, ba dole ne ya gaya maka ba, kuma kai da ka rubuta za ka ci gaba da ganinsa a wurinsa kamar babu abin da ya faru. Sauran duniya ce ba ta gani. Sai ka zauna kana jiran amsa, kana cewa ko maganata ce ba ta da daɗi, alhali kai kaɗai kake magana a ɗaki rufe. Cirewar ba ta cika ɓata min rai ba, kasuwar da ba a shara ai juji ce. Shirun ne ba na so.

Wannan ba ƙorafin mutum ɗaya ba ne, abubuwa ne da suka faru a bainar jama'a. A 2014, shekarar da na shigo, aka gano cewa a r/technology, ɗaya daga cikin manyan zauruka, an ɗana wa na'urar tacewa, wato manhajar da take cire rubutu da kanta, jerin kalmomi, duk kanun da ya ƙunshi ɗaya daga ciki sai ya ɓace. Cikin kalmomin har da Snowden, NSA, Tesla da Bitcoin. Ka duba fa, zauren fasaha, a daidai lokacin da duniya ba ta da zance sai na asirin leƙen da Edward Snowden ya fallasa. Da abin ya tashi, kamfanin ya sauke zauren daga jerin waɗanda ake nuna wa kowane sabon shiga. A watan Yunin 2016 kuma, daren da aka harbe mutum 49 a wani gidan rawa a Orlando ta Amurka, masu riƙe da r/news suka yi ta goge rubuce-rubuce da sharhi don hana jita-jita da zage-zage, har gogewar ta haɗa da bayanan inda za a je a ba da jini. Jama'a suka kwashe suka koma wani zaure neman labari.

Da can nakan karanta irin wannan in ce mugunta ce kawai. Sai da abin ya zo kaina.

Shekaru kaɗan da suka wuce aka gayyace ni in taya riƙon wani ɗan ƙaramin zaure na masu gyara. Matsalarmu ɗaya ce, ɓarayin waya. Kullum sai wani ya shigo da labari mai ban tausayi, wai ya manta lambar sirri, wai a gwanjo ya saya, a koya masa yadda zai buɗe. Mu da muke kasuwa mun san wannan waƙar. Na gaji da bi ɗaya bayan ɗaya, sai na zauna wata ranar Lahadi na rubuta wa na'urar tacewa doka: duk rubutun da ya haɗa maganar kulle da maganar buɗewa, a riƙe shi. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Zaure ya yi fes.

Bayan kwana goma sha ɗaya, yaron shagona yana riƙe da wayata yana duba min saƙonni, ni kuma hannuna na kan aiki, sai ya ce, "Maigida, akwai wata mata fa da ta aiko sau uku." Na ce ya karanta. Mahaifinta ne ya rasu, wayarsa a kulle, kuma a ciki akwai muryoyin da yake turo mata. Ba ta ma nemi a koya mata fasa komai ba, tambaya take wace takarda za ta kai wa kamfanin wayar. Saƙonta na uku gajere ne, cewa take ta ga mutane ba su amsa ba, ko ta yi laifi ne. Na ajiye abin hura iska. Ba wanda ya ƙi amsa mata, babu wanda ya ga tambayar ne, dokata ta haɗiye ta tun minti na farko, ita kuma tana ganin rubutunta a wurinsa. Yaron ya dube ni ya ce, "To Maigida, ba kai ne kake faɗan masu gogewa ba?" Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Na saki rubutun, na ba ta haƙuri, cikin awa biyu mutum huɗu suka yi mata bayani. Amma kwana goma sha ɗayan nan ba mai dawo mata da su.

Tun daga nan na rage zargin masu unguwa da mugun nufi. Yawancin ɓarnar gajiya ce: mutum biyar ko goma, kowa da aikinsa na cin abinci, suna gadin ƙofar da dubbai ko miliyoyi suke shiga. Akwai masu son mulki a cikinsu, babu shakka, akwai waɗanda suka tara zauruka da yawa a hannunsu kamar masu tara filaye. Amma laifin da ya fi girma a wurina na wanda ya gina kasuwar ne ya bar ta a haka.

Shi ma saman ba tsarkakke ba ne. A Nuwamban 2016, Huffman da kansa, yana shugaban kamfani, ya shiga ya sauya kalmomin sharhin wasu magoya bayan Donald Trump da suke zaginsa a r/The_Donald, ya cire sunansa ya sa sunayen masu riƙe da zauren. Ya amsa laifi, ya nemi afuwa. Ni dai wannan ya fi gogewa tayar min da hankali, domin wanda ya goge maganarka ya hana ka magana ne kawai, wanda ya sauya ta kuwa ya sa maka magana a baki. A Yunin 2020 aka rufe wannan zauren gaba ɗaya, tare da wasu kusan 2,000, bisa sabuwar dokar hana kalaman ƙiyayya. Cikinsu har da wani babban zauren 'yan ɓangaren hagu, r/ChapoTrapHouse, don haka kowane ɓangare ya samu abin kuka. Kafin nan, a 2015, Ellen Pao, shugabar kamfanin a lokacin, ta sha zagi ba na wasa ba bayan rufe wasu zauruka biyar na cin zarafi da kuma sallamar wata ma'aikaciya da masu unguwa suke ji da ita. Suka kulle zauruka don nuna fushi, Pao kuma ta sauka a watan Yuli.

Rikicin da ya nuna wa kowa iyakarsa shi ne na 2023. Kamfanin ya ce daga yanzu duk manhajar waje da take jan bayanai daga Reddit sai ta biya. Christian Selig, mai manhajar Apollo, ya yi lissafi ya ce kuɗin zai kai masa kusan dala miliyan 20 a shekara. Masu unguwa da yawa da irin waɗannan manhajoji suke aikinsu, makafi ma da su suka dogara wajen karatu. Ranar 12 ga Yuni zauruka sama da 8,000 suka rufe ƙofa. Namu ma mun rufe, kwana biyu, ina ta jin kaina kamar ɗan ƙungiyar ƙwadago. Huffman ya fito ya kwatanta masu unguwa da 'yan gadon sarauta masu zaune a kan filaye, kamfanin kuma ya aika wa waɗanda suka ƙi buɗewa cewa za a sauke su a naɗa wasu, ya kuwa sauke wasu. An ɗaga wa wasu manhajojin nakasassu ƙafa, amma Apollo ta rufe ranar 30 ga Yuni. Wasu zaurukan suka buɗe da gatse, r/pics ya koma ba a sa hoton kowa sai na ɗan barkwancin nan John Oliver. An yi dariya, an gaji, an koma aiki.

Bayan wata tara, a Maris ɗin 2024, Reddit ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a kan dala 34 kowane hannu. Dab da haka aka ba da labarin yarjejeniyarsa da Google ta kusan dala miliyan 60 a shekara, don a yi amfani da hirarrakin jama'a wajen horar da ƙirƙirarriyar basira. Hirarrakin da mu muka rubuta, mu muka share. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wato mai unguwa sarki ne a kanka muddin rigimar tsakaninku ce, ranar da ta taɓa aljihun kamfani sai a tuna masa aron rawani aka ba shi.

Tsofaffin hannu sukan tuna da Digg, wanda shi ne babba kafin Reddit. A Mayun 2007 Digg ya yi ta goge wata lambar sirri ta fasa kullen faifan fim saboda tsoron lauyoyi, jama'a suka cika shafin farko da lambar har Kevin Rose, mai wurin, ya sallama. A 2010 suka sauya fasalin shafin yadda mutane ba su so, aka yi hijira zuwa Reddit. A 2023 ma an yi ta cewa za a koma Lemmy, wani dandali mai kama da Reddit, wasu sun koma, amma kasuwar ba ta tashi ba. Ina za ka kai tarin amsoshin shekara goma sha takwas?

In maki zan ba shi, wajen sana'a da neman sani huɗu cikin biyar, ba ragi. Wajen labarai masu zafi, musamman siyasa, addini da yaƙi, biyu, don abin da ka gani a shafin farko ya bi ta hannun mutanen da ba ka sani ba, kuma ba a nuna maka abin da aka tsame. Sabon shiga ya yi haƙuri, zauruka da yawa ba sa barin sabon asusu ya yi rubutu sai ya tara makin da ake samu in jama'a sun danna maka kibiyar sama, kuma ba duka suke faɗin adadin ba. Ka karanta dokokin zaure kafin ka buɗe baki, in an cire maka abu ka tambaya da ladabi, sau ɗaya.

Dokata ta tacewa tana nan, ɓarayi ba su tuba ba. Sai dai yanzu duk wanda ta riƙe tana aika masa saƙo nan take cewa an riƙe rubutunsa, ga dalili, ga inda zai yi magana, ni kuma ina duba layin jira kullum bayan sallar isha'i. Nawa sharhin ma, in na rubuta a zauren wasu na ji shiru ya yi yawa, sai in ce wa yaron shago ya buɗe a tasa wayar ya duba min ko yana nan.