Ƙamusun Bayero ko na Bargery: wanne zai fid da kai a waƙoƙin ƙarni na 19?

Wani ɗan'uwa ya tambaya: yana nazarin waƙoƙin wa'azi na zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u, kusan kowane baiti sai ya ci karo da kalmar da bai sani ba. Wanne ƙamus ya fi dacewa ya riƙe?

Malam, ka fara da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006. Hausa ce ke fassara Hausa, da daidaitaccen rubutu irin wanda ka saba, don haka ma'anar da ka samu za ta zauna cikin baitin kai tsaye. Rauninsa shi ne ya fi karkata ga daidaitacciyar Hausa, waƙoƙin nan kuwa yawancinsu da bakin Sakkwato aka tsara su.

Nan ne ƙamusun Bargery, wanda Baturen nan G. P. Bargery ya haɗa, ya yi zarra. An buga shi a 1934, da kalmomi kimanin 39,000, an kuma tattara su lokacin da tsofaffin da suka ga ƙarni na 19 ke raye. Yakan nuna yankin da kalma ta fito, ko Sakkwato ko Katsina ko Gobir, yana kuma nuna karin sauti, wanda shi ke raba kukan jariri da itacen kuka. Sai dai bayaninsa da Turanci ne, kuma ba ya rubuta ɓ da ɗ da ƙ da lanƙwasa: alamar (') yake sa wa harafin. Mutane da yawa kan ce kalma ba ta ciki, alhali rubutun ne ya ɓatar da su. Ana samunsa a intanet.

Amma kafin ka buɗe ko wanne, ka gane daga ina wuyar ta taso, domin sau da yawa kalmar da ka sani ce ta sake riga. Idan ka ga sabka ko zamna, sauka ce da zauna. Hwara fara ce, biyat kuma biyar. Wani lokaci mawaƙin ne ya datse kalma don karin waƙa ya daidaita, ya ce mutan a maimakon mutane, ko zuci a maimakon zuciya. Akwai kuma kuskuren juya ajami zuwa boko: rufu'a ɗaya ce ke ɗaukar u da o, sai mai juyawa ya rubuta wadda ba ita ba. In kalma ta ƙi samuwa, musanya wasalin ka sake dubawa.

Inda duka biyun kan gaza shi ne Larabci, kuma shi ne jigon waƙar wa'azi. Baitin da ya jera Laza da Sa'ira da Saƙara da Hawiya sunayen wuta yake kirgawa, zamharira kuwa tsananin sanyi ce ta azaba. Ko ƙamus ya ba ka ma'ana a layi ɗaya, ba zai gaya maka ayar da mawaƙin ke nuni gare ta ba, ita ce kuwa ke sa baitin ya girgiza mai sauraro. Wannan aikin malamin zaure ne ko ƙamusun Larabci. Ka lura da yadda harafi kan sauya: harafin Larabci ladi (ض) yakan koma l a Hausa, shi ya sa aka samu alƙali da farilla da lalura. Sai ka mayar da shi asalinsa sannan za ka tarar da kalmar.

Wajen aiki, kada ka tsaya a kowace kalma. Karanta waƙar da ƙarfi har ƙarshe, kana jan layi da fensir, sannan ka dawo. A littafinka ka kwafe baitin gaba ɗaya, ka rubuta ma'anar da ka zata kafin ka duba, da wadda ka samu, da inda ka same ta. Kalmar da aka kwafe ita kaɗai, ba baitinta, ita ce ke saurin zubewa daga ka.