Littattafan Zariya ko na Kano: da wanne za a fara?

Wata 'yar'uwa ta ce rabonta da littafin Hausa tun tana sakandare, yanzu kuma tana so ta koma karatu amma ta rasa inda za ta kama. Wasu sun ce mata ta nemi tsofaffin littattafai irin su Magana Jari Ce, wasu sun ce ta bar su ta nemi na marubutan Kano, tana so ta san wanne ya fi.

'Yar'uwa, bari mu fara da raba su. Tsofaffin sun fito ne daga gasar da aka shirya a 1933 ƙarƙashin wani Bature jami'in ilimi mai suna Rupert East, wadda ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Bayan su aka buga Magana Jari Ce na Imam, juzu'i uku, tsakanin 1937 da 1939. Duk daga Zariya suka fito. Na Kano kuwa, waɗanda masana ke kira Adabin Kasuwar Kano, mutanen gari kuma suke ce musu littattafan soyayya, sun taso ne a shekarun 1980, lokacin da marubuta suka fara biyan kuɗin bugu daga aljihunsu suna kai wa dillalai a kasuwa.

Ta fuskar Hausa, na Zariya sun yi wa na Kano fintinkau, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: sun bi ta hannun edita kafin su isa maɗaba'a. Jimlolinsu gajeru ne, karin magana yana faɗowa a inda ya dace, ƙa'idar rubutu kuma a tsaye take. Abin da zai ba ki wahala shi ne kalmomin fada da na yaƙi da na kuɗin da, irin su lifidi, sulke, zagi, barde, anini da sule. Kada ki riƙa tsayawa a kan kowace, domin nan da nan karatun zai gundure ki. Ki ja musu layi da fensir, in kin gama labarin ki tambayi wani dattijo ko ki duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero. Na Kano Hausar yau ce, yadda ake magana a tsakar gida, ba za ki nemi ƙamus ba. Sai dai da yawansu babu wanda ya duba su tsakanin marubuci da mai bugu, shi ya sa za ki ga an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, haruffa masu lanƙwasa kuma sun ɓace. Idan nufinki ki gyara rubutunki ne, wannan matsala ce babba, domin abin da ido ya saba gani shi hannu ke rubutawa.

Sai tsarin labari. Magana Jari Ce gajerun labarai ne a cikin babban labari ɗaya: a juzu'i na farko aku ne ke ba ɗan sarki Musa labari bayan labari don ya hana shi fita daga gida. Wannan ya dace da mai aiki ko mai raino, ki karanta ɗaya ki ajiye, gobe ki ɗauki wani ba tare da kin manta inda aka kwana ba. Ruwan Bagaja kuwa ɗan siriri ne, a zama ɗaya ko biyu za ki cinye shi, kuma ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe har yau tana sa mutum dariya shi kaɗai. Na Kano dogon zango ne. Yawanci ana raba littafi kashi biyu zuwa huɗu, saboda kuɗin da na ɗaya ya kawo da shi ake buga na biyu, kuma da gangan ake yanke labarin a daidai inda hankali ya tashi. A nan ake yin kuskuren da ya fi yawa: mutum ya sayi na ɗaya don gwaji, ya koma neman na biyu a ce ya ƙare. Ki tambayi mai shago kashi nawa ne, ki ga dukkansu a hannunki kafin ki biya.

Inda na Kano suka rama shi ne abin da suke magana a kai. Duniyar tsofaffin littattafan ta maza ce: sarakuna, fatake, malamai, mayaƙa, ɓarayi. Mace tana leƙowa ne ta wuce. Shaihu Umar ne ya ɗan bambanta, domin wahalar uwar da ke bin sawun ɗanta da aka sace a zamanin bauta ita ce ta fi tsaya wa mai karatu a rai. Amma kishi, auren dole, saki da karatun 'ya mace, sai a na Kano aka zauna aka baje su, kuma mata ne suka fi yin wannan aiki. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, miji ne ya yi sabuwar amarya ya kori Rabi da tarin 'ya'ya, ita kuma ta kama sayar da abinci don ta riƙe su. Lissafin cefane da kuɗin makaranta ne ke jan labarin. An fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012. Wa Zai Auri Jahila? nata ne shi ma, a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar da ita ga tsoho. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino soyayya ce tsakanin 'yar masu hali da ɗan talaka. Bilkisu Funtuwa ma tana da ɗimbin masoya, musamman saboda matan da take zanawa masu ilimi da sanin zaman gida.

Kowane ɓangare yana da nasa aibun. A na Kano, in kin sauka daga kan fitattun marubuta za ki faɗa cikin maimaici: alhaji mai kuɗi, kyakkyawar budurwa, muguwar kishiya, sai shafuka a kan kayan ɗaki da lefe waɗanda ko an cire su labarin bai rasa komai ba. A na Zariya, Ganɗoki ya fara da ƙarfi a kan yaƙi da Turawa, kirarinsa kuma abin a karanta da murya ne, amma da ya shiga ƙasashen aljannu sai zaren ya saki. Imam kuma ya ɗebo labarai da dama daga Alfu Laila da littattafan Turai ya sa musu rigar Hausa, don haka kada ki yi mamaki in wani ya yi miki kama da wanda kika sani.

Wajen saye, tsofaffin sun fi sauƙin samu saboda makarantu na amfani da su, kamfanin NNPC na Zariya (ba na man fetur ba) shi ke da bugunsu. Amma bugun sata ya yi yawa. Ki buɗe tsakiyar littafin ki bi lambobin shafi, ki duba ko rubutun ya dusashe ko hotunan sun koma baƙi ƙirin, ki ɗan ja bangon ki ga ko zai saki. Na Kano na shekarun 1990 takardarsu irin ta jarida ce, tana yin ja ta yage, wasu ma an daina buga su, sai dai a shagunan littattafai na Sabon Gari da Kurmi ko wurin masu bayar da haya. Waɗanda ke yawo a waya kuwa sau da yawa ba su cika ba, marubucin kuma ko sisi bai samu ba.

Tunda kin daɗe ba ki yi karatu ba, ki fara da Ruwan Bagaja don ido ya sake sabawa, ki ajiye juzu'in farko na Magana Jari Ce kusa da gado kina tsakura. Daga nan ki wuce Alhaki Kuykuyo Ne. Idan tsallen ya yi miki nisa, akwai na tsakiya: So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da ya fito a 1980, ko Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, waɗanda zancensu na zamani ne amma sun bi ta hannun edita.